Hannun da ke Rawa a Bakin Gado

Wanda duk ya yi sammako a Tudun Wadan Zariya, ya tsaya a bakin titin da ya nufi Ƙofar Doka tun masu ƙosai ba su gama hura wuta ba, lalle zai ga samari da 'yan mata cikin tufafin asibiti, kowa da ɗan littafi a aljihu da agogo maƙale a ƙirji, suna sauri kamar waɗanda aka aika ɗebo wuta. In kuwa mai lura ne, ba sai ya tambayi kowa ba zai rarrabe tsofaffin ɗalibai da sababbi, domin su tsofaffin tafe suke suna hira, alhali sababbin leɓɓansu kaɗai ke motsi, wasu na addu'a, wasu na bitar karatun jiya. Unguwar ta daɗe da sabawa da wannan. Turawa ne suka yanke ta a bayan ganuwa domin baƙi 'yan Arewa, sa'an nan bayan an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai ta zama mazaunin asibitin koyarwarta, har zuwa 2005 da aka koma Shika. Saboda haka da wuya ka shiga wani asibiti a Arewa ba ka tarar da malamin jinya ko ungozoma da ta taɓa shan ruwan Tudun Wada ba.

Ni dai ban san abin da ke cikin zukatan waɗannan yara ba sai da ƙaddara ta zaunar da ni mako uku a ɗakin maza na wani asibiti ina jinyar baffana, wanda ciwon zuciya ya kumbura masa ƙafafu ya kuma hana shi kwanciya sai a jingine. Ran wata Litinin, bayan masu aikin dare sun miƙa wa na safe rahoto, sai ga ayarin ɗalibai sun shigo a bayan Sista, waɗanda suka gama watannin share fage, suka ci jarrabawar da ke tace su, aka yi musu bikin ɗora hula da kunna fitila, al'adar da ake tunawa da Florence Nightingale da ita, wadda ta yi jinyar sojan Ingila a yaƙin Kirimiya tun 1854 ta kuma kafa makarantarta a Landan a 1860. Duk abin da suka koya zuwa ranar, a jikin mutum-mutumin roba suka koye shi, shi kuwa ba ya nishi, ba ya wari, ba ya kuma kallon mutum a ido.

Wadda aka ba gadon Baffa yarinya ce da ba ta kai ashirin ba. Ta yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, ta rusuna ta gaishe shi, ta kama wuyan hannunsa za ta ƙirga bugun jini, sai na ga hannunta na rawa har agogon ƙirjinta na kaɗawa. Ta laluba nan, ta laluba can, jijiya ta ƙi samuwa, gumi ya tsattsafo mata a goshi alhali ana cikin hunturu. Baffa ya dube ta irin duban da kaka ke yi wa jika, ya ce, “Amarya, kwantar da hankalinki. In jijiyar ta ɓuya miki, ni dai ga ni, ba inda za ni.” Ta yi murmushi ido cike da ƙwalla, ta ce, “Yi haƙuri, Baba.” Sista ta matso ba tare da ta ɗaga murya ba, ta janye babban yatsan yarinyar, ta jera mata yatsu uku a gefen hannun da ke bin babban yatsan majinyaci, ta gaya mata cewa babban yatsa yana da nasa bugun, wanda ya auna da shi kansa yake aunawa. Can sai na ga fuskar yarinyar ta washe, bakinta ya fara ƙirga.

Mutane da yawa a ɗakin sun ɗauki wannan fargaba a kan rauni, har wani mai jinya ya ce shi kada a kawo wa mahaifinsa 'yan koyo. Ban ga laifinsa ba, gama kowa nasa ya sani. Amma a ganina wanda ya kamata a ji tsoronsa shi ne ɗalibin da ya zo bakin gado ranar farko zuciyarsa ba ta ko motsa ba, domin rawar hannun nan shaida ce cewa mai shi ya fahimci rai aka damƙa masa, kuma amana ba ta da nauyi sai a wuyan wanda ya san za a tambaye shi.

Sai dai akwai wani sababi na biyu, wanda littattafan da aka wallafa a ƙasashen Turai ba su san da shi ba, watau kunya. Yarinyar da aka rena a kan kada ta haɗa ido da babba, kada ta ambaci sunan sa'an mahaifinta, kada ta tsaya a kansa yana zaune, ita ce yau aka ce ta goge wa dattijo jiki, ta juya wanda ba ya iya juyawa duk bayan sa'a biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, ta miƙa masa tasar fitsari, ta ɗauka ta auna yawansa ta rubuta. Fukaha'u sun daɗe da warware mas'alar, da suka ce larura tana halatta duban al'aura domin magani, amma gwargwadon bukata kawai. Kuma ma'abota Sira sun ruwaito cewa Rufaida Al'aslamiyya tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Handak, shekara ta 5 bayan Hijira. To, amma sanin hukunci daban, ja wa tsoho bargo daban. Abin da na ga Sista ta koya musu shi ne, kunyar ba jefar da ita za a yi ba, juya ta za a yi ta zama sutura ga majinyaci: a ja labule tukuna, a nemi izininsa, a gaya masa abin da za a yi, a buɗe gaɓar da za a wanke ita kaɗai, a rufe ta kafin a buɗe wata. Ranar da aka fara yi wa Baffa haka ya kau da kai ga bango, ita ma ta sunkuyar da nata, aka gama ba wanda ya ce uffan, kuma mutuncin kowa bai zube ba.

Darasin da ya fi wannan wuya shi ne kalmar nan tamu ta “da sauƙi”. Bahaushe ko yana kan gargara, in ka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce, domin yana ganin kokawa rashin godiya ne ga Ubangiji. Ɗalibin da ya rubuta wannan amsa ya wuce kuwa bai duba kowa ba. Shi ya sa ake koya musu su ƙirga numfashi yatsunsu na kan jijiya kamar bugu suke ji, don kada majinyaci ya farga ya gyara shi. Wata safiya a mako na biyu yarinyar ta gaida Baffa, ya ce da sauƙi, ta riƙe hannunsa idonta na kan ƙirjinsa, ta sami numfashi talatin a minti ɗaya, alhali na baligi mai lafiya tsakanin 12 ne da 20. Ta sake ƙirgawa, ta lura ya kasa ƙarasa zance sai ya huta, ta ƙara masa matashi a baya, ta tafi da sauri ta kira Sista. Aka kira likita, aka sa masa iskar oksijin, aka yi masa allurar da ke fitar da ruwa ta fitsari, domin ruwa ne ya fara taruwa a huhunsa. Ni da na kwana a gefensa, ɗan ɗan'uwansa, na yarda da “da sauƙi” ɗin nan tun asuba.

A nan ne nake ganin falalar 'ya'yan ƙasa a wannan aiki. A Zariyan nan ne likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi bincike a shekarun 1970 kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi; abin da baƙo sai ya yi shekaru yana tambaya kafin ya gane, ita wannan yarinya a ɗakin mahaifiyarta ta gan shi, kuma ta san lafazin da za ta yi wa kakar mai jego magana ba tare da ta ɓata mata rai ba.

A lokacin shekara uku ne karatun, bisa tsarin majalisar kula da aikin jinya da ungozomanci ta Nijeriya, kuma ɗalibi ba ya daɗewa a ɗaki guda. Yana gama makonninsa, a sa masa hannu a littafin ayyukan da ya iya, a tura shi gaba. Ranar da aka sallame mu Baffa ya sa na sayo goro fari, ya ce a kai wa amaryarsa, sai Sista ta ce ai tun jiya an mai da rukuninsu ɗakin yara. Na bi baranda da ƙullin goron, na hango ta tsaye a bakin ƙofa, kukan jarirai na fitowa daga ciki, hannunta ɗaya dafe da agogon ƙirjinta, leɓɓanta na motsi. Na yi mata sallama na miƙa mata saƙon, ta karɓa da hannu biyu ta ce a gaida Baba, sa'an nan ta yi bisimilla ta tura ƙofar.