Dinari a Sabha: Gumin Ɗan Ci-rani da Rigimar Masu Mulki

A duk ƙarshen wata, idan magina da leburori da masu aikin gona 'yan ƙasashenmu suka karɓi haƙƙinsu a Sabha, babban birnin Fazzan a kudancin Libiya, tambayar farko da ke bakinsu ita ce: yau nawa ake canji? Dalili kuwa, da dinari ake biyansu, amma iyalin da suka bari a Agadas ko Tawa ko Damagaram da Sefa suke awo, na Kano da Katsina kuma da Naira. Ya kamata mu san inda ake yanke wa wannan gumi farashi.

Kusan duk dalar Amurka da Libiya ke samu daga ɗanyen mai take fitowa. Tana shiga Babban Bankin ƙasar, shi kuma ya sayar wa bankuna da fatake. Idan mai ya tsaya, ko bankin ya tsuke hannu, sai dala ta yi wuya a kasuwar bayan fage, dinari ya faɗi. Ɗan canjin Sabha kuwa da farashin wannan kasuwa yake lissafi.

A 2014 ƙasar ta rabu gida biyu, gwamnati a Tarabulus, wata a gabas, Babban Banki ma ya dare biyu. Farashin hukuma ya tsaya a wajen dinari 1.4 kan kowace dala, amma a ƙarshen 2017 dala ta haura dinari 9 a bayan fage. Mai hanya a banki ya sayi dala da araha ya sayar da tsada, talaka kuwa ya kwana a layi yana jiran tsabar kuɗi. Har ta kai kaya ɗaya na da farashi biyu: na tsaba da na caki.

A Satumbar 2018 gwamnatin Tarabulus ta ɗora harajin kashi 183 cikin ɗari kan sayen kuɗin waje ta banki, aka kuma saki dala, sai kasuwa ta lafa. A Janairun 2021 aka karya darajar dinari zuwa 4.48 kan dala. A Agustan 2024 rikici ya ɓarke kan tsige gwamnan banki Sadiƙ al-Kabir, ɓangaren gabas ya rufe rijiyoyin mai, sai da aka naɗa Naji Isa kafin mai ya dawo. A Afrilun 2025 aka sake rage darajar dinari zuwa kimanin 5.57.

Fazzan ma na da hannu a ciki. Filin mai na Sharara, kusa da Ubari, yana cikin mafi girma a ƙasar. A Disambar 2018, da kuma Janairun 2024, masu zanga-zanga na yankin sun rufe shi suna kukan rashin fetur da ayyukan raya ƙasa, alhali man daga ƙarƙashin ƙasarsu yake fita.

A ɗaya gefen, Sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 kan kowane Yuro ɗaya, don haka duk faɗuwar dinari sai ta bayyana a yawan jikkunan da ke isa gida. Naira kuwa tata siyasar daban: bayan gwamnatin Tinubu ta sake ta a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta wuce 1,500 a farkon 2024.

To, me za mu ɗauka? Na farko, ɗan ci-rani ya daina tara dinari a ƙarƙashin katifa. A 2024 Babban Banki ya sanar da janye takardar dinari 50, kuma wanda ba shi da asusu shi ya fi shiga uku a irin wannan rana. Na biyu, a tsayar da farashi da adadi a zaman da aka ƙulla cinikin, gaban shaidu, kamar yadda malamanmu suka karantar a babin canji, domin bashi a kan kuɗin da ke hawa da sauka shi ke raba zumunci. Na uku, mu da ke gida, idan saƙo ya zo bai kai na bara ba, kada mu yi saurin cewa yaro ya koyi rowa. Sau da yawa aikinsa bai ragu ba, kuɗin ne ya zube a hanya. Allah Ya sa albarka a nema, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.