Lourdes: Yadda likitoci ke tantance ikirarin mu'ujiza, da muhawarar ko imani zaɓi ne

A kudu maso yammacin Faransa akwai wani ƙaramin gari mai suna Lourdes, wanda miliyoyin mabiya ɗariƙar Katolika ke ziyarta duk shekara. Tun 1858, lokacin da wata yarinya 'yar shekara 14, Bernadette Soubirous, ta ce Nana Maryam ta bayyana gare ta a wani kogo, marasa lafiya ke tururuwa can domin neman waraka a ruwan marmaron kogon.

A 1883 aka buɗe ofishin likitoci a garin domin binciken duk wanda ya ce ya warke. Fiye da mutum 7,000 sun kai rahoto, amma waɗanda Coci ta amince cewa warkewarsu mu'ujiza ce ba su wuce 70 da 'yan kai ba.

Sharuɗɗan sun samo asali ne daga Prospero Lambertini, wanda ya zama Fafaroma Benedict na 14 a ƙarni na 18. Dole cutar ta kasance mai tsanani, kuma likitoci sun tabbatar da ita tun farko. Dole warkewar ta zo farat ɗaya, ta kasance cikakkiya mai ɗorewa, kuma babu maganin da za a jingina ta gare shi. Iyakar abin da kwamitin likitoci ke cewa shi ne ilimin likitanci na yanzu bai iya bayyana warkewar ba. Bishop na yankin majinyacin ne ke da hurumin kiran ta mu'ujiza.

A wannan gaɓar ce jayayya take. A 1748 masanin falsafa David Hume ya ce shaidar baki ba ta isa tabbatar da mu'ujiza ba, domin yiwuwar mai shaida ya yi kuskure ko ƙarya ta fi yiwuwar dokar halitta ta karye. Masu bin ra'ayinsa na ƙara da cewa wasu cututtuka kan lafa da kansu, kuma abin da ya gagari likitan yau na iya zama sananne gobe.

Ƙarnoni kafin Hume, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki wata hanyar. A wurinsa, idan auduga ta ƙone bayan wuta ta taɓa ta, Allah ne ya halicci ƙunar, don haka wanda ya tsara al'adar na iya saɓa ta. Ibn Rushd ya yi masa raddi da cewa musanta sababi rushe ilimi ne. Malaman Musulunci kuma sun rarrabe: mu'ujiza ta annabawa ce, karama ta waliyyai, istidiraji kuwa talala ce ga fasiƙi.

To, mutum na iya zaɓar ya gaskata? Masana falsafa da dama na ganin ba a iya gaskata abu da umarnin kai, ko da an yi alƙawarin dukiya. Blaise Pascal ya yarda da haka, amma ya ce ibada da sabo na iya jan zuciya sannu a hankali. A 1877 William Clifford ya ce laifi ne a gaskata abu ba tare da isasshiyar hujja ba, ya buga misali da mai jirgin ruwan da ya danne shakkunsa, ya saki ruɓaɓɓen jirgi, fasinjoji suka halaka. William James ya amsa a 1896 cewa inda hujja ta kasa raba gardama, kuma babu makawa sai an yanke shawara, mutum na da 'yancin karkata ga imani.

Abin da ke hannun mutum kai-tsaye shi ne irin binciken da zai yi kafin ya yarda, da matakin da zai ɗauka bayan ya yarda. Majinyacin da ya ajiye magani saboda an ce masa ya warke, rayuwarsa ce ya jingina ga maganar. Ko a Lourdes, wanda bai zo da takardun asibiti na kafin warkewa da bayanta ba, bincikensa ba ya nisa.