Jemage, Manomin Dare da Muke Jifa da Gwafa

Da magariba ta kawo jiki, za ka ga jemagu sun taso daga kan maɗaci ko darbejiya, sun yi wa sama baƙi, yara kuma sun bi su da gwafa. A idon yawancinmu jemage abin ƙyama ne kawai, ga wari, ga hayaniya, ga ɓarnar mangwaro. Amma daddawar da ke cikin miyarmu tana da hannunsa a ciki.

Wanda muke magana a kansa shi ne babban jemagen nan mai cin 'ya'yan itatuwa, mai gashi ruwan ƙasa-ƙasa da ɗorawa-ɗorawa a wuya, wanda masana ke kira Eidolon helvum. Nauyinsa kan kai giram 300. Yana bin damina ne: ruwa na sauka a arewa, sai ya biyo shi har yankin Sahel, inda ɓaure da kaɗanya suka nuna. A dajin Kasanka na ƙasar Zambiya, miliyoyinsu kan taru daga Oktoba zuwa Disamba, kuma an taɓa bin sawun wasu da na'ura aka ga sun yi tafiyar fiye da kilomita 2,000.

Furen kuka da yamma yake buɗewa, kafin wata yammar ya yi yaushi. Haka na ɗorawa da na rimi, da dare suke zubo ruwan zaƙi. A wannan lokaci ƙudan zuma na cikin amya, jemagu ne ke yawo daga bishiya zuwa bishiya, garin fure na manne a fuskarsu, suna yi wa itatuwan barbara. Da haka ɗorawa ke yin kalwa, kuka ke yin 'ya'ya. Bayan haka, irin da jemage ya haɗiye yakan kasayar da shi a nesa. Binciken da aka yi a Gana ya nuna yana iya kai ƙananan iri har kilomita 75 daga inda ya ci. A ƙasar da hamada ke matsowa, wa zai raina mai shuka itace kyauta?

Sai dai adadinsa na raguwa. Ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa shi cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari. Ana farautarsa don nama, har an ƙiyasta cewa a kudancin Gana kaɗai ana sayar da aƙalla 128,000 duk shekara. Ana kuma sare manyan itatuwan da yake kwana a kai don gawayi da katako. Ga shi macen ɗa guda take haifa a shekara, don haka garken da aka ɗaiɗaita ba ya saurin farfaɗowa.

Kada kuma a ce tunda yana da amfani a riƙa wasa da shi. Yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. A jikinsa ne aka fara gano wata ƙwaya, 'yar uwar ta haukan kare, a Legas a 1956. Mai kama shi da mai feɗe shi su suka fi shiga haɗari.

Saboda haka, iyaye a hana yara harbinsa da ɗaukar wanda ya faɗo. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Mangwaro ko gwaibar da aka ga gurbin haƙori a jiki, a yar da ita. A rufe randa da rijiyar da ke ƙarƙashin makwancinsu. Masu lambu su tsinke 'ya'yan da suka ƙosa kafin su nuna luguf. Masu unguwanni da dagatai kuwa su sa ido kada a sare bishiyar da garke ya sauka a kai, domin baƙi ne, watanni kaɗan za su yi su ƙara gaba.