SATCHEL PAIGE: GWANIN JIFA DA AKA HANA SHIGA BABBAN FAGE SAI DA YA MANYANTA

Daga Wakilinmu

Ran 7 ga watan Yuli na 1948 wani baƙar fata ɗan ƙasar Amurka mai suna Satchel Paige ya cika shekara 42 da haihuwa. A wannan rana ce kuma ƙungiyar wasan besbol ta birnin Cleveland ta ɗauke shi aiki, aka rubuta sunansa cikin jerin sababbin 'yan wasa. Duk wanda ya san wasan guje-guje da tsalle-tsalle ya san cewa mai shekara 42 shirin barin fage yake yi. Shi kuwa wannan mutum sai a sannan aka buɗe masa ƙofa, bayan ya yi shekara ashirin da biyu yana jifa don neman abinci, Amurka duka ta san sunansa. Launin fatarsa ne kaɗai ya tsare shi a waje.

Da yake ba a yin wannan wasa a nan ƙasarmu ta Arewa, ya kamata mu ɗan bayyana shi. Mutum tara ne a kowane gefe. Majefi yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya jefa wata ƙwallo mai tauri, wadda girmanta bai wuce na lemon zaƙi ba, zuwa ga abokinsa mai cafkewa da ke tsugune ƙafa 60 da inci 6 daga gare shi. A gaban mai cafkewar kuma abokin hamayya ne tsaye da kulki, yana neman ya maka wa ƙwallon ya aika da ita nesa, ya sheƙa da gudu. Idan ya kuskure sau uku, ya fita. Ana yin turmi tara kafin a tashi. To, a nan mai karatu zai gane cewa majefi shi ne ginshiƙin ƙungiya, domin in ya hana a taɓa ƙwallo, babu yadda za a ci su.

An haifi Leroy Robert Paige a garin Mobile na jihar Alabama cikin 1906, a gidan talakawa masu 'ya'ya da yawa. Tun yana yaro yake dako a tashar jirgin ƙasa, kuma daga jakunkunan matafiya da yake ɗauka ne aka ce laƙabin Satchel ya samo asali, watau jaka. Cikin 1918 aka kama shi da laifin ɗauke-ɗauke a kanti, aka kai shi gidan horon yara baƙar fata da ke Mount Meigs, inda ya yi shekara biyar. A can ne wani malami ya lura da tsawonsa da dogayen hannuwansa, ya koya masa jifa.

A lokacin da ya fito, manyan ƙungiyoyin Amurka ba su ɗaukar baƙar fata. Abin mamaki, babu wata doka a rubuce da ta hana. Yarjejeniya ce kawai ta baka tsakanin masu ƙungiyoyin tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma ta fi rubutacciyar doka ƙarfi. Saboda haka baƙaƙe suka kafa nasu. Wani tsohon majefi mai suna Rube Foster ya tara masu ƙungiyoyin baƙaƙe a birnin Kansas cikin 1920, suka kafa gasar kansu. A cikin wannan duniya ce Paige ya yi ƙuruciyarsa: Chattanooga a 1926, sai Birmingham, sai Pittsburgh Crawfords inda ya haɗu da shahararren mai kulki kuma mai cafkewa Josh Gibson, daga bisani Kansas City Monarchs, waɗanda ya taimaka suka ci kofin baƙar fata a 1942.

Amma wasannin gasa kaɗan ne daga cikin aikinsa. Kuɗin gasa ba su riƙe ƙungiya, don haka sai su cika mota su bi gari gari, yau nan gobe can, suna karawa da duk wanda ya fito: ma'aikatan masana'anta, 'yan ƙauye, har da taurarin Turawa idan gasarsu ta tashi. Sau da yawa garin da suka cika wa fili da 'yan kallo da rana ba ya ba su masauki da dare, sai su kwana cikin mota. Mutanen Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe ba su bukatar dogon bayani a kan irin wannan rayuwa, domin haka 'yan dambe da 'yan kokawa suke yi da kaka idan an kawar da amfanin gona, su bi kasuwanni da garuruwa, abin da 'yan kallo suka bayar shi ne albashi. Paige ya je Kuba da Meziko, ya kuma je Jamhuriyar Dominika a 1937, inda ya yi wa ƙungiyar shugaban ƙasar mai mulkin kama-karya, Rafael Trujillo, wasa. Masu ƙungiyoyi sun sha kuka da shi cewa ba ya cika alkawari, duk inda kuɗi suka fi tsoka nan ya nufa. Gaskiya ne. Sai dai mutumin da aka hana shiga inda albashi na gaske yake, da wuya a ga laifinsa don ya sayar da hannunsa ga wanda ya fi taya shi.

Gwani ne kuma na jan hankalin jama'a. Wani lokaci yakan kira abokan wasansa da ke tsaron bayan fili ya ce su zo su zauna, don ya tabbata ba mai taɓa ƙwallonsa. Wannan kirari ne irin na ɗan dambe, kuma galibi yakan cika shi. Turawan da suka kara da shi a irin waɗannan wasanni, kamar Dizzy Dean da Joe DiMaggio, sun shaida a bainar jama'a cewa ba su ga majefin da ya fi shi ba.

Da lokacin rushe katangar ya zo, wani aka zaɓa. Jackie Robinson, wanda ya yi wasa tare da Paige a Monarchs cikin 1945, shi ne ya fara sa rigar Brooklyn Dodgers ran 15 ga Afrilu, 1947. Robinson matashi ne, ya yi jami'a, ya yi hafsan soja, ya kuma yarda ya fara daga ƙaramar ƙungiya. Paige ya yaba masa a fili, amma a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962 bai ɓoye cewa abin ya yi masa ciwo ba.

Da Bill Veeck, mai ƙungiyar Cleveland, ya ɗauke shi a shekara mai bi, wasu 'yan jarida suka ce dabarar tara 'yan kallo ce kawai. Tsohon ya ba su amsa a fili. Ya ci wasa shida, ya faɗi ɗaya. Ran 20 ga Agusta mutum 78,382 suka taru da dare suka ga ya hana ƙungiyar Chicago cin ko ɗaya har aka tashi. A wannan shekara Cleveland ta ci kofin ƙasa, shi ne kuma baƙar fata na farko da ya yi jifa a wasan ƙarshe na neman wannan kofi. Ya koma St. Louis daga 1951 zuwa 1953. Har ila yau, ran 25 ga Satumba, 1965, yana da shekara 59, ya yi wa ƙungiyar Kansas City Athletics turmi uku, mutum ɗaya tak ya sami dukan ƙwallonsa ya tsira, ba a kuma ci su ko ɗaya ba.

Akwai wani ɓangare na labarin da ma'aikatan gwamnati za su fi kowa ji a jikinsu, watau maganar fansho. Ƙa'idar lokacin ita ce sai ɗan wasa ya yi shekara biyar a manyan ƙungiyoyi kafin ya cancanta. Shekarun da Paige ya yi a ƙungiyoyin baƙar fata ba a lissafa ko kwana ɗaya daga cikinsu ba, tamkar ma'aikacin da ya yi shekara ashirin yana aiki aka ce babu fayil ɗinsa. Da aka ƙidaya, sai aka tarar saura kwana 158 ya cika. Cikin 1968 ƙungiyar Atlanta Braves ta sa sunansa a cikin ma'aikatanta don kawai kwanakin su cika.

Haka ma aka yi da maganar girmamawa. Akwai zauren tunawa da gwanayen besbol a garin Cooperstown na jihar New York. Ted Williams, Bature, ya yi amfani da jawabinsa na shiga zauren a 1966 ya nemi a sa Paige da Gibson. Da aka amince a 1971, shawarar farko ita ce a keɓe wa baƙaƙe wani sashe dabam. Jama'a suka yi ca, suka ce wariyar ce aka sake dawo da ita ta bayan gida, dole aka janye. Paige ya zama na farko da aka shigar saboda aikinsa a gasar baƙar fata. Ya rasu a birnin Kansas ran 8 ga Yuni, 1982.

To, wasa nawa ya ci a rayuwarsa? Shi da bakinsa yakan ce ya yi jifa a wasa kamar 2,500, ya ci kamar 2,000. Littafin manyan ƙungiyoyi kuwa, har tsawon shekaru, abin da ya nuna shi ne ya ci 28 ya faɗi 31, watau aikin tsufansa kaɗai. Ɗalibin da ya buɗe wannan littafi ba tare da sanin tarihi ba cewa zai yi mutumin bai taka kara ya karya ba. Mu a nan mun san irin wannan giɓi. Shago da Ɗandunawa sun yi dambe a fagage masu yawa, amma babu magatakardan da ya zauna ya rubuta rana da gari da wanda aka kashe. Abin da ya riƙe sunayensu shi ne waƙoƙin makaɗa irin su Ɗan Anace, kuma aikin makaɗi yabo ne, ba ƙidaya ba.

A watan Disamba na 2020 hukumar besbol ta Amurka ta amince cewa gasanni bakwai na baƙar fata, daga 1920 zuwa 1948, daidai suke da manyan gasanni. A watan Mayu na 2024 aka haɗe alƙaluman 'yan wasa fiye da 2,300 cikin babban littafi. Nan take Josh Gibson, wanda ya rasu a Janairun 1947, wata uku kafin Robinson ya shiga Brooklyn, ya hau kan Ty Cobb a matsayin wanda ya fi kowa dacen duka a tarihi. Alƙaluman Paige ma sun ƙaru, amma wasannin da aka tabbatar ya ci duk da haka ba su kai 150 ba. Masu binciken sun yi shekaru suna tonon tsofaffin jaridun baƙar fata, irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender, kuma ƙa'idarsu ita ce ba su lissafa wasa sai na gasa wanda aka sami cikakken sakamakonsa a buge. Wasannin ƙauyuka da na kan hanya, inda ya yi mafi yawan jifansa, suna waje da wannan lissafi.