Ƙafar Tsoho da Yadda Za a Kula da Ita



Bahaushe yana da kalmomi biyu game da lalacewar fatar ƙafa, watau kaushi da faso. Kaushi shi ne taurin fata, faso kuwa tsagewar diddige, musamman da hunturu. Ga yaro wannan abin tsokana ne kurum, amma ga tsoho yana iya zama mafarin babbar cuta.

Ƙafa guda tana da ƙasusuwa 26, ga jijiyoyi masu kai jini da masu sanar da mutum zafi. Idan shekaru suka ja, fata takan bushe, jini kuma ya rage gudu. Abin ya fi muni ga mai ciwon sukari, domin jijiyoyinsa sukan mutu, har ya taka ƙaya ko ya kusanci garwashi bai ji ba. Daga nan sai gyambo, sai ruɓewa, wani lokaci har a kai ga yanke ƙafa.

Saboda haka ya kamata tsoho ya riƙa duba ƙafarsa kullum, ko jikansa ya duba masa. Bayan alwala ya tsane tsakanin yatsu. Ya shafa man kaɗe a diddige, ban da tsakanin yatsun. A yanke farce a miƙe, kada a kankare kaushi da reza, kada kuma ya fita ba takalmi. Rauni kome ƙanƙantarsa, in bai kama warkewa ba, a garzaya asibiti.

Jama'a, mu da ke da iyaye a gida, wannan nauyi a kanmu yake.