Gubar da Tafasa Ba Ta Korarta

Tun bayan rasuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022, sanadin maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya, nakan ji wasu iyaye na cewa in an ɗumama maganin ruwa, ko an sirka shi da tafasasshen ruwa, gubar za ta fita. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Gubar nan, dayetilin gilaikol, ba ƙwayar cuta ba ce balle zafi ya kashe ta. Ruwa yana tafasa a digiri 100, ita kuwa sai wajen 245. Mai dafa mazarƙwaila ya san zancen: ruwan rake ke tashi, zaƙin ya zauna a tukunya. Haka miyar da aka manta a kan wuta, gishirinta ƙara fitowa yake yi. Ka ɗora maganin a wuta, ruwan zai tafi ya bar maka gubar ta ƙara kauri.

A masana'anta ma da wannan bambancin ake aiki. Ana haɗa sinadarin etilin oksaid da ruwa mai yawa, ninki ashirin ko kusa, don dayetilin ɗin da zai fito ya yi kaɗan. Sai a koma korar ruwan a jerin manyan tukwane, tururin ta farko yana dafa ta biyu, saboda tsimin makamashi. Abin da ya rage a tura shi dogayen hasumiyoyi da aka zuƙe wa iska, kowane gilaikol ya fita a matakinsa: etilin da fari, dayetilin daga baya. Su biyun na sanyaya injin mota da haɗa roba ne, ba na baki ba.

Wanda ya halatta a magani shi ne furofilin gilaikol, kuma daga wani sinadarin dabam ake yin sa. Matsalar ita ce dukkansu garau suke, da danƙo, da ɗan zaƙi, sannan na gubar ya fi araha. Dillali ya sauya takardar jikin ganga, shi ke nan.

Mun ɗanɗana wannan a Najeriya a 2008, lokacin da maganin haƙori My Pikin ya kashe yara 84. Ƙa'ida ba ta yarda gubar ta wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba, kuma na'urar ɗakin gwaji kaɗai ke gano hakan. Ya kamata a gwada kowace ganga tun a bakin ƙofar kamfani, amma sau da yawa sai fitsarin yara ya ɗauke a asibiti ake tuna inda na'urar take.