Janar Muhammadu Shuwa, Kwamandan da Bai San Gaggawa Ba

Idan aka zauna ambaton mazajen da suka riƙe tutar tarayya a yaƙin basasar Nijeriya, wanda ya ɓarke a Yulin 1967 bai kuma lafa ba sai Janairun 1970, galibi Murtala Muhammed da Benjamin Adekunle ne kan fara zuwa baki, sabili da kwarjininsu da zafin namansu. Amma duk wanda ya yi tadabburi a kan yadda al'amarin ya gudana, lalle zai tarar cewa Muhammadu Shuwa, mutumin Borno, shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa.

An haife shi a 1939, ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya tare da Murtala, daga bisani kuma ya sami horon hafsoshi a Sandhurst ta ƙasar Ingila. Da yaƙi ya tashi, shi aka danƙa wa Runduna ta Ɗaya, wadda ta gangaro daga arewa ta ci Nsukka, ta kuma karɓe Enugu, hedkwatar Biyafara mai neman ɓallewa, a Oktoban 1967.

Ɗabi'arsa a fagen fama ita ce abin lura. Ba ya ɗaga ƙafa sai ya tabbata harsashi da guzuri sun iso, hanyar bayansa kuma tana tsare, sa'an nan ya sa manyan bindigogi su share gaba kafin dakaru su motsa. Masu ɗoki sun zarge shi da nawa, alhali kuwa a daidai wannan zamani ne Runduna ta Biyu ta yi ta yunƙurin ƙetare Kogin Kwara daga Asaba zuwa Onitsha cikin jiragen ruwa, aka yi hasarar rayukan da har yau ambatonsu kan sosa zuciya. A ganina, kwamandan da ya ɗauki ran sojansa amana ce da za a tambaye shi gobe kiyama, ba a kiransa mai nawa. Da wannan haƙuri nasa garin Umuahia ya faɗo hannun rundunarsa a Afrilun 1969.

Bayan yaƙi ya riƙe muƙamin kwamishinan ciniki na tarayya, ya ajiye kaki a 1979 yana Manjo Janar, ya koma unguwar Gwange a Maiduguri ya zauna cikin jama'arsa. A nan ne 'yan bindiga suka harbe shi a gidansa, ranar Juma'a 2 ga Nuwamba, 2012. Allah Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.